Wata 16 da karta a hannu: yaron da ya koyi siddabarun kati ta bidiyo a Kano

Waye shi

Ɗan ƙanwar mahaifiyata ne, shekararsa 22 lokacin da abin ya fara, yana zaune a Ɗorayi, sana'arsa gyaran waya a Farm Centre. Ya yarda in rubuta amma banda suna. Yaro ne mai hannu, irin wanda zai kwance noti ƙanƙani kamar ƙwayar gero bai yar ba, kuma yana da wata ɗabi'a ta rubuta komai a bayan littafin da suke rubuta wayoyin kwastomomi, shi ya sa ma na samu alƙaluman da zan kawo a nan, ba daga kaina na ƙirƙiro su ba.

Disamba 2023: yadda abin ya shige shi

Wayar wani kwastoma ce ya canza wa sikirin, yana gwada ta sai ya faɗa kan bidiyon Shin Lim, mutumin nan da ya ci gasar nuna baiwa ta Amurka a 2018 da wasan kati zalla. Ba ya magana, kiɗa ne kawai a ƙasa, kati na ɓacewa a hannunsa yana fitowa a wani wurin. Da ya bincika sai ya tarar wai shi ma Shin Lim ɗin ta YouTube ya fara koyo, ba wani malami da ya zaunar da shi. Toh shikenan fa. Ya ce min, "Yaya in dai shi ta waya ya koya ai ni ma ina da waya."

Matsalar farko ba ta hannu ba ce, ta gida ce. Kowa ya san sunan da karta take da shi a garin nan, da an ga yaro da ita a aljihu caca kawai ake kawowa a rai, in kuma aka ji kalmar dabo ko rufa-ido sai wasu su tafi can wajen tsafi. Ummansa ta tsinci katin a ƙarƙashin filo ta kira ni hankali tashe. Sai da ya zauna a gabanta ya yi wani ɗan wasa sannan ya warware mata yadda aka yi shi tiryan-tiryan, ta ga yatsa ne kawai da wayo. Babansa ya kafa sharaɗi uku: ba kuɗi a tsakani ko naira biyar, ba zama da masu caca, kuma duk wanda ya tambaya a gaya masa wasan hannu ne ba asiri ba.

Disamba 2023 zuwa Fabrairu 2024: ya fara daga sama

Akwai wasannin da ake fara koya wa sabon shiga, waɗanda lissafi ne yake yin aikin ba yatsa ba. Misali na kati 21, a raba su gida uku bakwai-bakwai, mutum ya nuna gidan da katinsa yake, a saka gidan a tsakiya, a maimaita sau uku, katin zai zauna a na 11 ko an ƙi ko an so. Ya kalli irin waɗannan ya ce na yara ne. Shi abin da yake so shi ne wanda masu harkar suke kira fas.

Ga yadda fas yake. Mutum ya zaɓi kati ya mayar tsakiyar tarin, kai kuma ka soke ƙaramin yatsanka na hagu a saman katin, hannun dama ya rufe, a cikin ƙiftawar ido rabin sama ya koma ƙasa rabin ƙasa ya dawo sama, katin mutumin ya zama shi ne na farko alhali shi yana ganin ba a taɓa komai ba. Yana cikin dabarun da suka fi kowanne wahala, kuma tsoho ne sosai, har a wani littafi da ya fito a Shikago a 1902 kan dabarun maguɗin teburin caca an yi bayaninsa.

Da katin Whot ya fara saboda shi ne a kusa, bai yi ba. Ya sayo karta mai 52 ta arha a Sabon Gari, ita kuma ko dai ta manne da juna ko ta zame gaba ɗaya ta watse a ƙasa. Ga hunturu, yatsu sun bushe ƙayau ba sa kama kati, in ya shafa basilin katin ya yi maiƙo ya lalace cikin kwana uku, in bai shafa ba babban yatsa ya dinga sulɓewa. Katin kansa lanƙwashewa yake yi kamar soyayyen ƙuli. A wata ukun nan littafinsa ya nuna awa ɗaya zuwa biyu kullum, fakitin karta huɗu sun mutu, bidiyon da ya sauke a waya sun kai 60. Banda Ummansa, bai nuna wa kowa komai ba tukuna.

Maris zuwa Mayu 2024: kyamara ta ce ya iya

A farkon Maris ya yi odar kartar Bicycle fakiti biyu daga Legas, ta iso ta tasha. Ita wannan fuskarta tana da wasu ƙananan ramuka da ido ba ya gani sosai, iska tana shiga tsakanin kati da kati sai su dinga zamewa daidai gwargwado. Ranar da ya buɗe ta ya kira ni yana dariya, wai ashe wata uku da fartanya mara ƙota yake noma.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris. Kasuwa ta yi sanyi da rana, da daddare kuma daga asham har wajen ƙarfe ɗaya yana kan tabarma da kati. YouTube yana da wurin rage gudun bidiyo zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, da shi ya dinga bin yatsun mai koyarwa ɗaya bayan ɗaya, ya tsayar, ya mayar baya, ya gwada, ya sake. Zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 ya kawo tasa matsalar, yanzu gumi ne yake jiƙa gefen katin, amma dai hannu ya fara faɗawa.

Sai ya fara ɗaukar kansa. Ya jingina waya da kwalbar ruwa a gabansa daidai ƙirji, ya yi fas, ya kalla, ba a ga komai ba. Ya saka a status, abokai suka yi ta turo wuta da tafi, wani har da cewa ya je a yi masa ruƙiyya. Abin da ba su sani ba, kuma shi ya gaya min da bakinsa daga baya, bidiyon daƙiƙa 20 ɗin nan sai da ya ɗauka sau 34 kafin ya samu guda ɗaya mai tsafta.

Yuni 2024: Babbar Sallah a gidan kaka

Sallah ta kama Lahadi 16 ga Yuni. Washegari ana suyar nama a gidan kakarmu a cikin gari, dangi sun cika tsakar gida, shi kuma ya ga ranar da yake jira ta zo. Ina wurin. Ya tsaya a bakin rumfa, manya na kan kujeru, yara sun zube a tabarma a gabansa, wasu sun zagaya ta bayansa suna leƙe ta kafaɗa.

Ya miƙa wa wani kawunmu katin ya ce, "Kawu zaɓi ɗaya." Ya zaɓa, ya nuna wa mutane, ya mayar. Daga nan sai yaron ya yi tsit. Magana ta ɗauke, ido ya sauka kan hannu, kowa ma sai ya bi idonsa ya zuba wa hannun ido. Ya yi fas ɗin. Daga inda Kawu yake zaune wallahi ba a ga komai ba, amma wata 'yar yayarmu mai shekara tara da ke zaune a ƙasa tana kallo daga ƙarƙashi ta ɗaga murya ta ce, "Na gani! Ya juya na ƙasan ya dawo da su sama!" Tsakar gida ta ɗauki dariya.

Ya daure ya shiga wasa na biyu. Wannan karon wani ɗan baffanmu, irin masu gardamar nan, ya fizge katin ya ce bari shi ya cakuɗa da kansa, ya cakuɗa son ransa ya miƙo ya ce to nemo. Babu bidiyo ko ɗaya cikin wanda ya kalla da aka taɓa ƙwace kati daga hannun mai koyarwa. Ya tsaya yana murmushin yaƙe, Hajiya kaka ta ce a ƙyale mata jika haka nan a zo a ɗauki nama.

A littafin ya rubuta a ranar: wasa 2, an kama 1, ɗaya ya rushe.

Yuli zuwa Satumba 2024: ƙarin abin da bai yi ba

Shi a nasa lissafin sauri ne bai isa ba. Don haka ya ƙara awa, ya ƙara bidiyo, ya sayi wani darasi na kuɗi ta intanet, ya kafa madubi a ɗaki. Madubin ya koya masa wata mummunar ɗabi'a da bai lura da ita ba sai daga baya, duk lokacin da zai yi motsin sai ya ƙifta ido, kenan shi kansa ba ya ganin lokacin da asirin yake fitowa.

Ya kuma buɗe wasu fagagen. Ya shiga koyon ɓoye kati a tafin hannu, katin kuma faɗinsa milimita 63 ne, tafin hannunsa ƙarami, kusurwa kullum tana leƙowa ta tsakanin yatsu. Ya shiga wata cakuɗa da ake raba kati 26 da 26 a saƙa su ɗaya bayan ɗaya ba kuskure, wadda in aka yi ta daidai sau takwas ana barin na sama a sama, tarin zai koma yadda yake tun farko. Abin sha'awa ne, ni kaina na yi mamaki, amma ba shi da wani wasa da zai saka ta a ciki. Kwanakin dokar hana fita na farkon Agusta a kanta suka ƙare. Damina kuma ta sa katin ya sha danshi ya kumbura.

Tsakiyar Satumba wuyan hannunsa na dama ya fara ciwo, ga shi da hannun yake riƙe abin narka dalma wuni guda a shago. Ogansa ya yi masa magana kan wata waya da ya ɓata. Ya ajiye katin sati uku. Bidiyo a wayarsa lokacin sun haura 140, wasan da zai iya yi a gaban mutum daga farko har ƙarshe kuma babu ko ɗaya.

Oktoba 2024: duhu da Baba mai gadi

Ƙarshen Oktoba aka yi ɗaukewar wutar nan da ta game Arewa sama da sati guda, cajin waya ya zama abin nema, shagon ma rabin wuni suke yi saboda kuɗin mai. Ba bidiyo, ba status. Da daddare matasan layin suna taruwa wajen mai shayi saboda shi ne mai fitila, sai ya dinga fitowa da katin yana juyawa don rage dare.

Akwai wani dattijo mai gadin layin, tsohon direban babbar mota ne, ya yi zamanin Kano zuwa Legas, kuma shi da bakinsa yake cewa ya yi karta a tasha kamar ba gobe kafin Allah ya shirye shi. Ko taɓa katin ba ya yi, ya ce ya yi rantsuwa. Amma ido na nan. Dare na biyu yana kurɓar shayi ya ce, "Ɗan nan sake yi in gani." Ya sake. Ya ce, "Yanzu ka yi." Ya sake, dattijon ya kuma cewa, "Yanzu." Sau biyar yana faɗin daidai lokacin, kuma abin da ya ɗaure wa yaron kai, Baba ba hannun yake kallo ba.

Ya ce, "Baba ta ina kake gani?"

"Ni ban ga komai ba. Kafaɗarka ce take gaya min. Tana ɗagawa, numfashinka ya tsaya, bakinka ya mutu. Ko makaho ya san ka yi wani abu, abin da ka yi ne kawai bai sani ba."

Sai ya ba shi labarin wani da suka sani a tasha shekarun baya, wanda duk aka san yana maguɗi amma ba a taɓa kama shi ba. Ya ce mutumin hannunsa ba wani sauri gare shi ba, shi dai ba ya yin komai sai lokacin da ya tambaye ka wani abu ka ɗago ka kalle shi, ko lokacin da aka fashe da dariya, ko ana rigimar canji. "Ido ɗaya ne da wayarka," in ji Baba, "kuma inda ka ajiye ta nan take zama. Mutane kuwa ka gansu nan, wani a tsaye wani a tsugune."

Nuwamba 2024 zuwa Fabrairu 2025: abin da ya canza

Da wuta ta dawo ya goge bidiyon nan ya bar shida. Ya ajiye fas gaba ɗaya. A madadinsa ya koyi yanka biyu a fili, wato yana riƙe da ɗan ratar nan da ƙaramin yatsa, ya yanki rabin na ƙasa ya ɗora a sama, ya sake yankar sauran ya ɗora, kowa yana kallo, ana ɗauka cakuɗawa yake yi, katin mutum kuma ya hau sama. Aikin da fas yake yi shi ne dai wannan. Kwana tara ya ɗauke shi.

Na biyu, dabul lif, juya kati biyu a manne kamar guda ɗaya. Wannan yana da ɗan wuya kuma a nan bidiyon ya yi rana ƙwarai, don wurin da babban yatsa zai zauna da yadda ake daidaita gefe abu ne da sai an gani kusa-kusa an maimaita. Bambancin kawai yanzu ya fara da lura da yadda yake juya kati ɗaya in ba wasa yake ba, sannan ya sa na biyun ya yi kama da shi.

Na uku ko yatsa ba ya buƙata. Ka san katin da ke sama tun farko, ka ce mutum ya yanka ya ajiye gefe, ka ɗauki rabin ƙasan ka gicciya a kan wanda ya yanka, sai ka ja shi da hira kamar rabin minti, ka tambaye shi unguwarsu, ka tsokane shi kan ƙungiyar ƙwallonsa, sannan ka ce ya duba inda ya yanka. Katin da zai ɗauka shi ne wanda ka sani, shi kuma ya riga ya manta wane rabi ne wane. Da can ya raina wannan. Ya gwada shi a kan mutum 15 a kasuwa, mutum ɗaya ne ya gano.

Ya koma karta mai ƙaramin faɗi, milimita 57, ta zauna masa a hannu. Ya rage atisaye zuwa minti 30, amma ya ɗora wa kansa dokar nuna wa mutum biyar sababbi duk sati, masu jiran gyaran waya sun ishe shi. Ɗaukar kansa ma ya canza, yanzu ƙaninsa ne yake riƙe wayar, ya ɗauka ta gefe, ya tsuguna ya ɗauka daga ƙasa, sau ɗaya tak ba maimaici. Ya tanadi abin yi in an fizge kati: ya bar mutum ya cakuɗa, ya karɓa, ya saci kallon na ƙasa ya shiga wani wasan da wannan katin ne alamarsa. Duk daren Juma'a kuma yana kai wa Baba mai gadi shayi da burodi ya yi a gabansa.

Littafin ya nuna a wasa 20 na farko a Nuwamba an kama shi sau 9. A 20 na ƙarshe a Fabrairu, sau 2.

Maris 2025: komawa gidan kaka

Ƙaramar Sallah ta kama Lahadi 30 ga Maris. Wannan karon zama ya yi a tabarma, bayansa jikin bango, ya ce yara su matso gaba. Yarinyar nan da ta tona shi bara ita ya fara kira, ya ce, "Zo nan sarkin ido, ke za ki riƙe min." Ya nuna mata kati, bakwai ɗin kubi, ya kife, ya ɗora mata a tafin hannu ya ce ta danne da ɗaya hannun kar ya gudu. Ya tambaye ta nawa ta tara na barka da Sallah, ta ɗago tana lissafi, aka yi dariya. Ya ce ta buɗe. Wani katin ne daban, bakwai ɗin kuma ga shi a saman tarin. Ta yi ihu ta yar da katin ta ruga bayan Hajiya. Wasa uku ya yi cikin minti goma, ya mayar da karta aljihu duk da ana ta a ƙara.

Lissafi da abin da na gani

Wata 16, fakitin karta 11, awannin da ya rubuta sun doshi 500, fiye da rabinsu a kan fas da abubuwan da bai taɓa amfani da su a gaban mutum ba tun bayan Yunin 2024. Banda kuɗin data da na darasin da ya saya.

A ganina bidiyon bai yi masa ƙarya ba, duk abin da aka nuna masa na yatsa gaskiya ne, kuma a Kano in ba ta waya ba ban san inda zai samu wanda zai zaunar da shi ya nuna masa dabul lif ba. Inda aka samu matsala, bidiyo an yi shi ne don ido ɗaya da ke tsaye a gaba, mai koyarwa ya zaɓi kusurwar da ta fi rufa masa asiri, ya yanke inda ya kuskure, kuma abin da ya fi jawo masu kallo shi ne mafi wahala ba mafi amfani ba. Ba ya gaya maka kafaɗarka ta ɗaga. Shin Lim ɗin da ya ja shi ma a dandamali yake yi, mutane na gabansa, ba wanda zai zagayo ta baya ko ya fizge kati, wannan wani fage ne daban da tsakar gidan Hajiya.

Don haka in tambayar ita ce ko dabaru masu tsananin wuya sun cancanci wahalar koyo ta bidiyo, ga wanda burinsa ya burge mutane a majalisa ko gidan biki, ni na ce a'a, don wanda aka yi wa wasan bai san bambancin fas na wata tara da yankan kwana tara ba, katinsa kawai ya gani a sama. Masu matsakaicin wuya guda biyu ko uku, su kam sun cancanta, in har akwai mutum mai rai da zai dinga kama ka. Wanda kuma wahalar ce take masa daɗi, wannan ba ni da ta cewa a kansa.

Shi yaron yana cikin na ƙarshen nan, na lura. Satin da ya wuce na leƙa shagon na same shi yana jiran wata waya ta gama caji, hannunsa a ƙarƙashin tebur yana ta juya fas shi kaɗai. Na ce ashe ba ka bari ba, ya ce, "Yaya wannan nawa ne, ba na nunawa ba ne." Baba mai gadi dai har yanzu yana kama shi a kansa, wai saura numfashin.